Littattafan da Ummulkhair Ba Ta Ƙarasa Ba

Bayan rasuwar Ummulkhair an raba 'yan kayanta, atamfofi da takalma suka tafi gidajen dangi, sai buhun littattafanta ya rage a bayan ƙofa, babu wanda ya ce yana so. Mahaifinta, Ɗalha, shi ya jawo buhun wata rana da hantsi, bayan an gama yankan riɗi aikin gona ya yi sauƙi. Da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci a Gagarawa, kuma har yanzu in zai yi karatu sai ya ɗora yatsa a kan layi, yana furta kalmomin a fili kamar mai tilawa.

Ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, haka ma uwarta Asama'u. "Yarinyar nan" suke cewa. Duk shekarun da ta yi tana zama gindin darbejiya da littafi a cinya, yana wucewa ta gabanta da fartanya a kafaɗa, bai taɓa tambayarta abin da ke ciki ba. Ba a sakewa haka da 'yar fari. Zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar damina, tana dab da gama sakandare.

Kowane littafi ta yi masa bango da takardar buhun siminti, gaba da baya duk iri ɗaya. A cikin kowanne kuma akwai tsinken tsintsiya a soke, inda ta tsaya. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda tsinkensa ya kai ƙarshe ba. Nan ya ƙudurta a ransa zai bi kowanne har inda ta tsaya, sannan ya wuce, ya ƙarasa mata abin da ta bari. Bai gaya wa kowa ba.

Na Turancin ya tsaya a kan hotuna, ya ajiye. Na Hausan ya fara da wani siriri na ƙananan yara, labarin akuyar da ta shiga motar Kano. Tsinken nan kusa yake, kuma bai ga laifinta ba, don wanda ya rubuta littafin da gani bai taɓa kiwon akuya ba. Akwai na 'yan matan makarantar kwana da ke rigima kan sabulun da ya ɓace. Wannan tsallake-tsallake ya yi masa, surutun ya yi yawa, amma ya lura ta ja layi da fensir ƙarƙashin wurin da wata yarinya ke kewar tuwon gidansu. Ya daɗe yana kallon layin. Sai na wani yaron kirki da ba ya buɗe baki sai da nasiha, wanda ya tabbata barci ne ya raba ta da shi, don shi ma sau da yawa ya farka da littafin a ƙirji.

Ɗaya ne ya kama shi. Labarin wata yarinya ce da ta ɓace wa iyayenta lokacin da suke tafiya kudu da shanu, tana bin sawun garken ita kaɗai. Takardunsa sun yi laushi don yawan juyawa. Tsinken yana daidai inda yarinyar ta iso bakin wani kogi, ta hango hayaƙin rugarsu a ƙetare, mai kwalekwale kuma ya ce ba zai ɗauke ta ba. Da Ɗalha ya iso nan sai ya rufe littafin. Ya gaya wa kansa zai fara kai sauran duka ga tsinkayensu, sannan ya dawo ya haye wannan da natsuwa.

Ubale, taubashinsa, yakan tarar da shi a zaure yana wannan karatun, ya ce ɗalibi mai gemu, yaushe za a ɗinka maka gajeren wando. Wata rana ya leƙa ya ga hoton akuya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe duk wahalar ajin nan don a karanta tarihin dangi ne. Ɗalha ya ce ai shi ya sa ya ga kamar ya san fuskar, ta Ubale ce sak. Ubale kuma da ya gane littattafan wace ce, sai ya daina tsokanar.

Asama'u ba ta taɓa cewa komai kan karatun ba, ko da yake muryarsa na isowa har inda take surfen wake. Ƙosai take soyawa da safe, yaran unguwa su shigo su saya. Rannan yana shirin kai raguna kasuwar Maigatari, ta tare shi a bakin ɗaki, ta ce gara ta fara cin gindin buhun.

"Malam, ko ka fitar da su daga gidan nan, ko ka bar ni in naɗe ƙosai da su. Ba na iya shara a ɗakin nan ina ganinsu."

Ya dubi buhun. A lokacin ya riga ya kai kowane littafin Hausa ga tsinkensa, bai dai ƙetare ko ɗaya ba. Ya ga in an rage su, sauran za su shiga akwatinsa, ba sai ta riƙa ganinsu ba.

"Ki ɗiba daga farko zuwa tsinke," in ji shi. "Wannan ta karanta, ta tafi da abinta. Daga tsinke zuwa ƙarshe kada ki taɓa."

Daga Maigatari bai dawo gida ba, rasuwar wani kawunsu ta ja shi Sule Tankarkar, ya zauna har aka yi sadakar bakwai. Da ya dawo ya tarar da littattafan a jere kan akwatinsa, sun rame, an kakkaɓe su tsaf. Ya ɗauki na yarinyar da kogin, ya buɗe, sai ga shafin farko yana nan. Ya ɗauka ta tausaya ta bar wannan. Ya yi ta juyawa har ya iso tsinken. Bayansa babu komai sai bango. Ya ɗauki na akuyar, na sabulun, na yaron kirki, duk haka.

Ya kira ta, ya ce ta nuna masa yadda ta yi. Ta goge hannu a zani, ta ɗauki littafi ɗaya, ta buɗe shi ta hannun dama, kamar yadda take buɗe izunta tun tana makarantar allo.

"Daga farko zuwa tsinke, yadda ka ce. Ko warƙa ɗaya ban ƙetare ba."

Ya tambayi inda takardun suke. Ta ce wasu sun tafi da ƙosai, wasu ta hura wuta da su, ragowar ta aika wa mai tsiren bakin tasha don kada su daɗe a gabanta. Tana maganar tana duban fuskarsa, ta ce ko akwai abin da ya faru. Ya ga yadda ta jera su, ya tuna ita ce ta zauna ita kaɗai tana yagar takardun 'yarta har ta gama. Ya ce babu komai.

Washegari ya hau mota zuwa Gumel da littafin a aljihun riga. Mai sayar da littattafai a bakin kasuwa ya duba sunan da ke shafin farko, ya girgiza kai. Ya ce irin waɗannan sau ɗaya ake buga su, in sun ƙare sun ƙare, shi kansa ya manta rabon da ya ga wannan. Ya nuna masa tarin tambayoyin jarrabawa, ya ce yanzu su yara ke nema, ko Baba zai saya wa jika. Ɗalha ya yi godiya. Ya leƙa wani shagon kusa da tasha, can ma haka. Ya zauna a benci yana jiran motar Gagarawa ta cika.

La'asar sakaliya ya shigo gida. Asama'u na tsakar gida tana tsince waken gobe a faifai. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta koma wurinta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Malam, yarinyar can ta cikin littafin. Ta haye kogin kuwa?"

Ya riƙe kofin a hannu bai sha ba.

"Ban kai wurin ba tukuna."

"Ka cika nawa," in ji ta. "In ka kai ka gaya mini."

Ya ce to. Ta ci gaba da tsince wakenta.