Kashabiyar Da Ba Ta Je Farauta Ba

Jallul ya shimfiɗa kashabiyoyinsa biyu, dogayen rigunan sanyi masu hula, a kan gado, ya tsaya a kansu ya rungume hannu kamar mai taya raguna a kasuwa. Matarsa Hadda tana bakin ƙofa riƙe da butar gahawa.

"Si Jallul, gahawar nan har ta huce. Ka ɗauki ɗaya mana, ba aure za a ɗaura maka da ita ba."

Ta dama ita ce ta gashin raƙumi, ruwan zuma, mai doguwar hula a wuya. Mahaifiyarsa Hajja Mbarka ce ta tsefe gashin da hannunta, ta kaɗa, ta saƙa, ta gama ta ke nan ciwon ajali ya kwantar da ita. Ba ta da nauyi, amma wanda ya sa ta ko a kan ƙanƙara ya kwana ba zai ji komai ba. Duk garin Massa'ad an san da ita, sai dai ba a cika ganinta ba. Ranar Idi kawai Jallul ke fito da ita, ya yi salla, ya dawo gida yana haɗawa da gudu ya tuɓe kafin wani ya buɗe baki. Ta hagu kuwa baƙa ce ta gashin tumaki, tun ta samartaka. Asu ya yi walima a bayanta, hular ta ɗaye, iska na shiga ta fita ba sallama.

Baƙo ne ya jawo wannan tsayuwa. Si Rabah, mahaifin mijin 'yarsu Warda, ya taso takanas daga babban birni don a kai shi farautar makwarwa. Mutumin bakin teku ne, bai san sanyin tudu ba. A garin nan kuwa baƙo ba ya rawar ɗari a gabanka kana sanye da riga. Tuɓewa za ka yi ka ɗora masa a kafaɗa, kuma ba ta dawowa. Ko yabawa ya yi, ta tafi. Haka Na'as, abokin Jallul, ya rasa tasa bara, wani likita kawai ya shafa ta ya ce, "Masha Allahu, wannan saƙa." Har yau in aka ambaci likita sai Na'as ya tashi daga wurin.

Hadda ta ce, "Ruwan kaji ya daskare a tsakar gida, na gaya maka. Ka sa ta Hajja."

"In sa ta, ya iso da 'yar shara-sharar rigarsa ta birni, ya yi atishawa ɗaya, shi ke nan?"

"To ka sa baƙar, sanyi ya kashe ka, in ba shi ta Hajjar a sadakar bakwai."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi, Hadda."

Baƙar ya sa. Ya jera suwaita biyu a ciki, ya tattara tsofaffin jaridu ya cusa a ƙirji da baya, ya ɗaure da bel. Ta raƙumin kuwa ya ninke ta, ya mayar can ƙasan akwati, ya ɗora barguna a kai.

Su Jallul sun isa dajin rana ba ta gama fitowa ba. Ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara, karnuka na fitar da tururi ta hanci. Mafarautan suka sauko daga a-kori-kura, kowa da mafi munin rigar gidansu, don duk sun ji labarin baƙo. Sai ga motar Si Rabah ta tsaya, ya fito. Jallul ya dube shi sama da ƙasa. Mutumin nan ya zo cikin wata jibgegiyar jaket ruwan lemo, aljihu ta ko'ina, zif har haɓa, ga safar hannu, ga hula mai rufe kunne.

"Si Jallul, wai wannan ne sanyin naku da ake ta ba ni tsoro da shi? Ni fa har gumi nake yi."

Na'as ya matso ya raɗa wa Jallul, "Ɗan'uwa, yau mun yi tsirara a banza."

Suka bazu, karnuka a gaba. Iskar arewa ta taso daga kan duwatsu, ta laluba bayan baƙar kashabiya, ta sami ƙofofin da asu ya buɗe mata. Jallul ya fara da cije leɓe, ya koma karanta duk addu'ar da ya iya. Da makwarwa suka tashi fir a gabansa, ya ɗaga bindiga, bakinta na rawa kamar mazari, ya harba ya sami sararin Allah. Karensa ya juyo ya dube shi, kallon da ko Hadda ba ta taɓa yi masa ba. Yana ƙoƙarin sake ɗuri bel ɗin ya saki. Jaridu suka fara zubowa ta ƙasan riga ɗaya bayan ɗaya, iska ta ɗauki shafin wasanni ta manna shi a ƙafar Si Rabah.

Si Rabah ya dubi jaridar, ya dubi surukinsa. Haƙoran Jallul na kaɗawa, hancinsa ya yi shuɗi. Mutumin kirki ne Si Rabah, abin da ya ɓata al'amarin ke nan. Ya jingine bindiga, ya ja zif.

"A'a, Si Rabah, lafiyata ƙalau, haka nake, jinina ne..."

"Wallahi ba za ka tsaya haka a gabana ba. 'Yarka na gidana, in koma in ce mata me? Ina da wata a mota."

Ya riga ya rantse. Ya ɗora masa jaket ɗin a kafaɗa a gaban kowa, ya gyara masa wuya, yana murmushin wanda ya yi abin kai. "Warda ta gaya mini al'adarku. Ta hau kafaɗa, ba ta sauka. Ka ga ni ma na iya."

Warda ta gaya masa rabi ne. Ba a taɓa jin baƙo ya tufatar da mai masaukinsa ya bar garin ba a tufatar da shi da abin da ya fi nasa ba, kuma kowa a wurin ya san abin da ke cikin akwatin Jallul. Na'as ya juya baya wai yana duba karnuka, kafaɗunsa na girgiza. Abin haushin, jaket ɗin akwai ɗumi. Sai dai duk taku sai ta ce ƙwaras-ƙwaras, makwarwar da ke bayan tsauni ma ta ji ta kama gabanta. Suka dawo da zomo ɗaya, shi ma kare ne ya kama.

Labari ya riga shi isa gida. Bayan an ci kuskus an sha shayi, baƙo ya ce zai kama hanya, Jallul ya shiga ɗaki ya tarar da kashabiyar a kan gado, Hadda ta kaɗe ta ta turara.

"Hadda, in ba shi ragon nan mai ƙaho fa? Rago ai ba ƙaramin abu ba ne."

"Rago ya ɗora maka a kafaɗa?"

"Dardumar falo..."

"Riga ya sa maka a gaban mutane, Si Jallul. Warda ce za ta zauna a gidan nan nasu, ba kai ba."

Ya zauna a bakin gado. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Ya shafa gefen wuyan kashabiyar, inda saƙar ta ɗan karkace saboda idon Hajja ya fara rauni a lokacin, sai kewar tsohuwar ta taso masa. Hadda ta ga idonsa, ta fita ta ja ƙofa.

Ya tuɓe jaket ɗin, ya zura kashabiyar. Ɗumi ya rufe shi tun daga wuya har idon sawu. Bai taɓa sa ta a irin wannan sanyi ba, bai san haka take ba.

Daga ɗakin zuwa ƙofar gida ba nisa, amma Jallul ya bi ta bayan garken tumaki. Ya tsaya ya duba ruwansu, ya gyara wata igiya da ba ta kwance ba. Iska na bugun bango, shi ko a jikinsa. A waje an tayar da mota.

Muryar Na'as ta tsallako katanga. "Si Jallul, baƙo fa yana tsaye."

"Ga ni nan zuwa."

Ya ja hular ya rufe kunnuwansa, ya sake zagaya garken a hankali.