Motar Yahuza Ba Ta Sallama

Duk wanda ya zauna tsakanin Paki da Ikara ya san Yahuza direba, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, domin ya san kukan motarsa. Wata tsohuwar bas ce da ake kira Kwarankwatsa. Salansarta ta fashe tun ba a yaye 'yarsa Hindu ba, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, in ta taso kuwa kaji na neman akurki, jarirai na farkawa. Da ita yake kwasar mutanen ƙauyuka da tumatirinsu da barkononsu zuwa kasuwar Ikara.

Akwai wani hawa a bayan rafi, dab da ƙauyen da ake kira Gidan Maiwada. Nan Kwarankwatsa takan yi tari, ta yi atishawa, ta mutu. Sai mazan ƙauyen su ajiye fartanya su fito su tura, suna zaginta suna dariya, sannan su loda kwandunansu. Haka aka saba, sabo kuwa turken wawa.

To, da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai ya zamana Yahuza gidan mai yake yi wa bauta. Abin da mai ya rage, bakanike ya lashe. Ƙanen matarsa, Bilya, wanda ke da shagon sola a Ikara inda ake cajin waya da babura, shi ya dame shi da magana.

"Yaya, wannan gawar da kake ja, yaushe za a yi mata sutura?"

"Gawar nan ita ta biya sadakin yayarka, mara kunya."

"To ai ta gama aikinta. Ka zo ka ga 'yar bas mai caji. Ba mai, ba baƙin mai, ba hayaƙi. Rana ce abincinta, rana kuwa Allah bai sa mata kuɗi ba."

Yahuza ya yi ta jan ƙafa. Ya tambayi abin da zai faru in hadari ya rufe rana, Bilya ya ce akwai batir a shago da ke ajiye wuta. Ya tambayi mai gyara, Bilya ya sosa ƙeya ya ce sai Zariya, amma ba ta cika ciwo ba. Daga ƙarshe dai ya sayar da Kwarankwatsa ga wani Huzaifa mai jigilar rake a Makarfi, ya haɗa da bijiminsa guda, ya ɗauko sabuwa. Fara ce tas, in tana tafiya ba ka jin komai sai ƙus-ƙus ɗin taya a kan ƙasa, kamar maciji a cikin ciyawa.

Ranar kasuwa ta farko ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya nufi Gidan Maiwada yana murmushi shi kaɗai. Lokacin kaka ta gabato, dawa ta fi mutum tsawo, ta rufe ƙauyen ruf, ba mai hango hanya daga gida. Motar ta haye hawan nan kamar ana tura ta da iska. Ya tsaya a gindin tsamiya inda ake lodi. Ba kowa. Ya danna oda, sai ta yi wani tsiii kamar ɗan tsako, irin na kowane ɗan acaɓa da ke wucewa. Ya jira, ya gyara hula, ya ƙara jira. Ko akuya ba ta ɗaga kai ba.

"To, hassada ce," in ji shi a ransa. "Sun ji na yi sabuwa, shi ne suka ɓuya."

Da ya taka ƙafa ya ratsa dawar nan ya yi sallama, da magana ta ƙare. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma mai sabuwar mota ba ya son raɓa ta jiƙa masa riga. Ya ja abarsa ya tafi Ikara da kujeru wayam. Kasuwa ta biyu ma haka. Ya huta da gidan mai, gaskiya ne, amma me za a yi da motar da ba ta ci ba ta kuma kawo?

Ana haka sai ga Baba Maiwada, dattijon da ƙauyen ke amsa sunansa, ya zo Paki ta'aziyya, suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci. Yahuza ya durƙusa.

"Barka da rana, Baba. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya amfanin gona?"

"Lafiya lau. Amfanin gona kuwa yana can yana ruɓewa, tun da ka tambaya."

"Subhanallahi, Baba."

"Kai Yahuza, ni na riƙe ragon sunanka aka yanka. Yau don ka yi farar mota sai ka daina bin hanyarmu? Kasuwa biyu tumatirinmu na kwando, mata na kuka. Wanda ya hau tudu kada ya manta kwari ne ya ɗaga shi."

"Wallahi Baba na zo! Sau biyu ina tsayawa a gindin tsamiya."

Tsohon ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ka zo? Ƙauye guda, da mai kunne da mai ido, ba wanda ya san ka zo? To ko aljani ka zama. Ka ji ni da kyau. Kasuwa mai zuwa in ba mu gan ka ba, akwai wani yaro mai akori-kura da ke roƙonmu. Shi za mu ba, kuma in mun ba shi mun ba shi ke nan."

Ya kaɗa sandarsa ya wuce. Yahuza ya san Baba Maiwada ba ya magana biyu. In Gidan Maiwada ta bar shi, sauran ƙauyukan hanyar za su bi sahu, ga shi ba Kwarankwatsa, ba bijimi.

Ya kama hanyar gida. Ya ajiye motar a ƙofar gida, ya ratsa zaure, tunani ya sha masa kai har ya manta da sallama. Abin da ya tarar a tsakar gida ya sa ya tsaya cik. Matarsa Zulai ce ta kafa tsohuwar hularsa a kan ɗankwali, ta riƙe faifai kamar sitiyari, tana zagaya turmi, tana tura ciki gaba.

"Ku matsa, ku matsa, ga Alhaji mai farar mota! Kada wanda ya taɓa mini ita da hannun miya!"

Hindu da maƙwabciyarsu suna kwance a tabarma don dariya. Zulai ta juyo za ta sha kwana, sai ta yi ido huɗu da mai hular. Faifai ya faɗi. Maƙwabciya ta ja mayafi ta bi ta ƙofar baya ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Ashe haka nake tafiya?" in ji Yahuza.

"Baban Hindu! Yaushe ka shigo? Kai kuwa mutum sai ka ce ɓarawo?" Kunya ta kama ta, sai ta mayar da ita faɗa, kamar yadda mai wayo kan yi. "Laifin wannan kurmar motar taka ne. Da can tun kana bayan makarantar boko nake jin ka, in ɗora ruwan tuwo, in share tsakar gida, in shafa hoda, kafin ka iso na zama mutuniyar kirki. Yanzu kuwa sai dai in ga mutum a kaina. Dubi murhu, ko wuta ban hura ba. Shekara da shekaru da kunne nake zaman auren nan, ka zo ka toshe mini shi."

Yahuza ya buɗe baki zai yi faɗa, sai maganar kunnen nan ta tsaya masa a rai. Ya zauna a kan turmin a hankali.

"Sake faɗa, Zulai."

"Na ce ban hura wuta ba, kuma ba laifina..."

"A'a, na kunnen."

Rashin sani ya fi dare duhu. Sai a lokacin ya gane. Mutanen Gidan Maiwada ba su taɓa zaman jiran mota a bakin hanya ba. Wa zai bar gona ya zauna gindin tsamiya? Kowa na aikinsa har sai ya ji Kwarankwatsa ta tsallako rafi, sannan maza su fito turi, mata su miƙo kwanduna ta kan danga. Waya kuwa a wannan kwari sai ka hau tudu take kamawa, kuma wa zai ƙona kati a kan abin da kunne ke yi masa kyauta? Suna can suna sauraro, shi yana nan yana fushi.

Ya fashe da dariya har hawaye. Zulai ta ga hadari ya wuce, ta cire hular ta ɗora masa a kan wadda ke kansa.

Washegari ya je wa Bilya da labari. Bilya ya dafe ciki.

"Yaya, ka sayi mota don ta yi shiru, yanzu kana neman mai koya mata kuka?"

"Kai ka jefa ni, kai za ka fitar da ni. In ba haka ba yayarka ta dawo gidanku, da hulata a kanta."

Suka gwada ɗaura gwangwanaye a baya, abin ya yi kama da akuyar da yara suka tsokana. Suka gwada ƙararrawar shanu, ba ta wuce taku kaɗan ba. Sai ga mai tallan maganin basir ya wuce ta gaban shago da lasifika a kan mota, muryarsa na kai har bakin kasuwa. Suka dubi juna.

Da azahar suna Makarfi. A bayan kasuwar rake suka sami Kwarankwatsa, an danne ta da kaya har tana nishi. Yahuza ya shafa gefenta kamar mai gaida tsohuwar gwaggo. Da suka gaya wa Huzaifa abin da ya kawo su, ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Na ga mai dawowa neman taya, na ga mai dawowa neman jak. Yau ga mai neman kuka. Malam Yahuza, ai da kukanta na saye ta."

"Aro za ka ba ni, ba zai ragu ba."

"To ku ɗiba, amma ku za ku tura, don tun safe ta ƙi tashi."

Bilya ya kunna wayarsa ya riƙe kusa da salansa. Aka taru aka tura, ta yi tari, ta kama, ta yi rurin nan nata da ke girgiza haƙori, can kuma ta shaƙe ta mutu, 'yan dako na ihu, "A tura! A tura, jama'a!" Duk waya ta kwashe. Bilya ya ce zai yanke ƙarshen, Yahuza ya ce a bar shi, ba a yi wa tsoho gyaran murya.

Ranar kasuwa ta zo. Lasifika na ɗaure a kan farar mota da igiyar da a da ke riƙe ƙofar Kwarankwatsa, wadda Huzaifa ya bar masa. A bakin rafi Yahuza ya hango sawun taya mai faɗi, ya ce a ransa ko mai akori-kura ya riga shi. Ya yi bisimilla ya kunna lasifika.

Kwari ya ɗauka gaba ɗaya. Tsuntsaye suka tashi daga kan dawa. Kafin ya kai rabin hawan, lasifika ta yi tari ta mutu, ta kwarma, "A tura! A tura, jama'a!"

Sai dawa ta fara motsi. Maza suka ɓarko ta ko'ina, wani da lauje, wani da lomar ɗumame a hannu, suna naɗe hannun riga. Suka faɗo hanya suka jeru a bayan motar, suka sa kafaɗa. Ita kuwa ta sulale gaba abinta, ta bar su suna tura iska. Mutum biyu suka kife a ƙasa. Sannan wani ya ce, "La ilaha illallahu, muryar tsohuwa a jikin amarya!" Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki, waɗanda suka faɗi sun fi kowa. Ta kan danga kwanduna suka fara fitowa, mata na guɗa.

Baba Maiwada ya iso a ƙarshe, yana dogara sanda. Yahuza ya kashe lasifika ya sauko ya durƙusa, ya gaya masa komai, bai ɓoye har fushin da ya yi ba. Tsohon ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya sunkuya ya shinshina bayanta.

"Ba ta wari."

"Ba ta yi, Baba."

"Ba ta shan mai?"

"Rana take sha."

"Hmm. Mai akori-kura ya zo ɗazu, na ce ya dakata sai hantsi ya yi. Allah ya so ka." Ya nuna lasifikar da sanda. "Mota ta yi kyau, ba na musu. Amma baƙon da ba ya sallama mugu ne, ko da farar riga ya sa. Ƙafarka kuma ba ta karye ba ranar da ka tsaya a nan kana kumburi. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba. Na tuba."

"To buɗe mini gaba. Kuma wannan ihun, in mun zo wajen makarantar allo ka kashe shi. Tsohuwar ba ta da wannan ladabin, ita wannan sai ta koya."

Aka loda tumatir har saman kujeru. Masu turi suka shiga suna kakkaɓe gwiwa, suna gardamar wa ya fara faɗuwa. Motar ta ɗauki hanyar Ikara shiru, har ana jin hirar na baya, abin da ba a taɓa yi ba a zamanin Kwarankwatsa. Baba Maiwada ya jingina, ya lumshe ido, kafin a kai kwalta ya yi barci.

Da yamma Yahuza ya doso gida da tsire a takarda. Ya yi niyyar barin lasifika a kashe, don ya ga ko yau ma akwai wasan Alhaji a tsakar gida. Sai ya tuna da tuwo. Tun daga bayan makarantar boko ya danna, Kwarankwatsa ta yi ruri, can cikin gari Zulai ta miƙe ta ɗora tukunya.