Kore Mai Jan Wutsiya

Ƙanena Mato jikan masu wasa da maciji ne, kuma bai taɓa bari wani ya manta ba. Tun yana yaro a Damagaram kakanmu ya ɗura masa maganin sara, ya yi masa tsaga a hannu. Da wannan taƙama ya zo Jidda, yana dako a wani sito a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta daɗe da mutuwa.

Ranar da suka buɗe kwantenar gora daga Tailan, sai ga maciji kwance a kan kaya, kore shar, wutsiyarsa ja kamar an tsoma ta a lalle. 'Yan dako suka watse. Mato ya yi musu dariya, wai a garinsu koren maciji ko kaza ba ya kashewa. Yana kai hannu macijin ya sare shi.

Ya iso ɗakina a unguwar Waziriyya hannu ya yi suntum, yana taunar saiwar maganin da Kaka ya ba shi. Na ce asibiti, ya ce can takarda za su fara tambaya, daga nan sai a tasa ƙeyarsa gida. Muka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai da dasashinsa ya fara zubar da jini na ja shi asibiti da ƙarfi, ina zaginsa ina kuka.

Likitar 'yar Najeriya ce, Lubabatu. Ta duba hoton macijin a wayarsa, ta nuna mana faffaɗan kai da siririn wuya, da wani ɗan rami tsakanin ido da hanci wanda da shi yake jin ɗumin jikin mutum. Ta ce ɗan dazuzzukan Asiya ne, daga Indiya har kudancin Sin, dafinsa yana hana jini daskarewa.

"Malam Mato, kakanka bai taɓa ganin wannan ba," ta ce a hankali.

Rai ya tsira, yatsun hannun dama suka tafi. Takardar da ya ji tsoro kuma an tambaya.

Ranar da na kai masa kayansa gidan da ake tsare masu jiran jirgin da zai mayar da su ƙasarsu, ya tambaye ni ko an kashe macijin. Ban ɓoye masa ba, don haushi ya cika ni. Bandar, ɗan mai sito, ya saka shi a akwatin gilashi a falonsa a unguwar Bagdadiyya, da na'urar sanyi, ana sayo masa ɓeraye.

Mato ya daɗe yana kallon bandejinsa.

"Yaya Zeinabou, shi ma fa ba shi da iƙama."