Sa Hannun Baba Mai Inji

Malamar laburare ta ture yadin da nake yankawa gefe, ta jera katunan a kan teburina ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai ne cif. Kowanne da sunan yaro a sama, a ƙasa kuma sa hannu iri ɗaya da jan biro, layi-layi har ƙarshen katin.

"Maman Auta, bango ɗaya ne tsakaninki da tsohon nan," in ji ta. "Ki faɗa min tsakaninki da Allah, kin taɓa jin yaran nan suna yi masa karatu?"

Na cire allurai daga bakina, na ɗauki katin Autata na ƙura masa ido. Babu rana ɗaya da ta tsallake.

Makarantar firamaren da ke ƙarshen layinmu ce ta ware wata guda don karatu. Aka raba wa yara littafin labari iri ɗaya, kowa da katinsa. Kullum yaro zai karanta wa wani babba shafi uku a gida, babban ya sa hannu. Aka zana ƙatuwar bishiya a bangon filin taro, duk yaron da ya cika mako sai a manna masa ganyen takarda da sunansa. Wanda ya fi kowa ganye shi zai hau dandamali ranar rufewa ya yi karatu a gaban iyaye. To, Auta ce ke gaba. Auta mai in'ina, wadda in na aike ta shago sai dai ta nuna kaya da yatsa don kada ta buɗe baki. Malama ba ta yarda ba, ni ma da na haife ta ban yarda ba.

Ina da dalilina kuwa, ko da yake ba na alfahari da shi. A makon farko sau biyu na sa mata hannu keken ɗinkina na gudu, ina cewa ci gaba ina jin ki, alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. A rana ta uku ba ta kawo min katin ba, ta zarce gidan maƙwabcinmu. Abin da na yi shi na ɗauka kowa na yi.

Maƙwabcin nan shi ne Baba Mai Inji. Shekara talatin da biyu ya yi yana juya injin buga littattafai, ƙarar injin ta cinye masa kunnuwa sarai. Shekara shida muna maƙwabtaka, in na wuce na jefa masa gaisuwa yana duƙe kan jarida, ko ɗago kai ba ya yi. Da farko na ce girman kai ne, daga baya na ce oho, na daina wahalar da bakina.

Don haka na ba Malama amsa ba tare da na yi wani dogon tunani ba. Na ce bangon nan siriri ne, tarinsa ina ji, ƙarar cokali a kofinsa ina ji, amma karatun yaro ban taɓa ji ba. Yara su shiga bayan an tashi makaranta, ɗaki ya yi tsit kamar babu kowa, su fito da kati a hannu. Na ƙara da cewa kurma ai ba ya sauraron karatu. Ta tattara katunan ta sa a jaka, ta yi min godiya.

Ranar Litinin hedimasta ya kira sunayen su goma sha bakwai a gaban taro, aka ɓamɓare ganyensu daga bishiyar, aka ce sun yi ƙarya. Auta ta dawo ta cusa littafin a ƙarƙashin katifa, ta ƙi cin abinci. Na tsare ta na ce ta faɗa min gaskiya. Ta fara, "M-m-mun..." sai kalmar ta maƙale, ni kuma ga mai kaya tsaye a kaina tana jira, na ce ya isa haka. Ta rufe bakin, ba ta sake buɗe min shi ba a kan maganar.

Maganar da na yi kuwa sai ta yi ƙafa. Iyaye suka hana yaransu zuwa. Wata ta ce alewa yake ba su, wani ya ce tsoho shi kaɗai a ɗaki da yaran mutane, ƙofa a saye, ai abin a bincika ne. Wannan ban faɗa ba, wallahi ban faɗa ba. Amma da aka faɗa a gabana ban musa ba, don ni ma shirun nan yana yi min ƙaiƙayi a rai.

Bayan kwana tara 'yarsa ta zo daga garin da take aiki. Ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta ce zuciyar Baba ce ta motsa, ƙafafunsa sun kumbura, ko zan leƙa shi kafin ta dawo daga kantin magani. Na cika filas da shayi na tafi, rabi don zumunci, rabi don in ga ɗakin da idona.

Babu wani abin ɓoyewa a ciki. Gadon ƙarfe, kwalaben magani a kan akwati, tsofaffin jaridu a ɗaure da igiya. A bakin taga akwai kujeru biyu suna kallon juna, kusa sosai har gwiwa za ta taɓa gwiwa, ƙaramar ita ce ke fuskantar haske. Yana zaune a babbar, ya rame, littafin makarantar a cinyarsa.

"Maƙwabciya, yaran nan lafiya kuwa?" ya ce. "Kwana tara ban ga ko ɗaya ba. A shafi na hamsin da biyu muka tsaya."

Ashe babu wanda ya gaya masa. Ni kuwa ba na iya kwana-kwana, na tsaya a gabansa na ɗaga murya na zayyane masa komai, har da abin da na ce wa Malama. Ya ce in daina ihu, ba ya amfana masa komai, in dai dube shi kawai in yi magana. Sannan ya ce in kira masa Auta.

Sai da na ja ta da hannu. Amma tana ganinsa ta zauna a ƙaramar kujerar kamar gidansu, ta karɓi littafin, shi kuma ya ɗauko nasa kwafin daga kan akwati. Ta fara. Leɓɓanta na motsi, numfashi na fita, murya kuwa babu. Shi idonsa na kan bakinta, ya sauka kan shafi, ya koma kan bakinta. Can ya taɓa mata gwiwa ya ce ta tsallake layi, ta koma baya ta gyara.

Ni dai raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata mai yiwuwa sun saba yin haka ne in babba ya shigo. Ina tsaye a bayan Auta na motsa baki, ko iska ban fitar ba, na ce wasan kwaikwayo ne wannan.

Ya ɗago ya dube ni. "Ba wasan kwaikwayo ba ne, Maman Auta."

Filas ɗin ya kusa suɓuce min. Ya ce a ɗakin inji babu mai jin wani, in kana son tawada ko takarda sai ka kalli bakin abokin aikinka, kowa da haka ya koya tun kafin kunnen ya tafi. Gaisuwata kuwa bai taɓa ganinta ba, don kullum a bayansa nake yinta, ko kuma bakina cike da allurai. Na tambaye shi to sauran yaran fa, su da ba su da in'ina, me ya hana su ɗaga murya.

"Ni na ce su rage," in ji shi. "Muryar ba ta yi min amfani, ke kuma kina aiki a bayan bangon nan, na ce kada su dame ki."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, a dai mayar wa yaran da ganyensu. Auta ba ta ko kalle ni ba, ta ci gaba da shafinta.

Washegari da sassafe ina ofishin Malama. Ta saurare ni tana juya biro, sannan ta ce jiya na ce baƙi yau na ce fari, kuma 'yata tana cikin yaran, yaya za ta san ba tausayin uwa ba ne ya kawo ni. Na fusata, amma a ina zan ga laifinta, ni na koya mata zargin. Ta ce a kawo tsohon ranar Alhamis mai zuwa ya nuna a gaban malamai, in ya so Juma'a a yi rufewa da kowa.

Baba ya yarda nan take. Ya ba ni farar rigarsa ya ce in rage masa ita, kada ya shiga makarantar yara yana yawo a cikin riga. Ranar Laraba da safe ina kan hannun rigar na biyu 'yarsa ta shigo ba ko sallama, ta jingina da ƙofa ta ce Baba ya cika. Ta kai masa ruwan wanka ne ta same shi a kujerar bakin taga, tabarau a fuska.

Aka yi jana'iza kafin azahar. Waɗanda suka ce a bincike shi su ne a sahun gaba wajen gaisuwa, suna cewa mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. Na ji kamar in watsa musu ruwan zafi, sai na tuna wa ya fara buɗe baki. Yaran suka zo da kayan makaranta suka tsaya a jikin bango, babu wanda ya kore su.

Ranar Alhamis na koma ni kaɗai. Malama ta yi min ta'aziyya da gaske, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce yanzu babu shaida. Na ce akwai, ga Auta. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ta ce to yarinyar ta hau gobe, ita za ta zaɓi shafin a take don kada a haddace. In ta karanta, an wanke su duka. In ta kasa, maganar ta mutu a nan.

Da na gaya wa Auta, ta daɗe tana murza bakin siket ɗinta.

"B-ba za su ji ni ba," ta ce.

Na goge mata kayan makaranta sau biyu.

Juma'a filin ya cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, 'yan aji ɗaya suka rera waƙar haruffa, wani malami ya sa hular takarda ya kwaikwayi ɓarawon cikin labarin, yara na ta dariya. Su goma sha shidan nan an zaunar da su a ƙasa a gaban dandamali, su kaɗai, kowa da littafinsa. Sai aka kira Auta. Malama ta buɗe nata kwafin ta ce shafi na sittin da ɗaya, wurin da ba su taɓa kaiwa ba da Baba.

Auta ta riƙe littafin da hannu biyu, ta fara. Lasifika ba ta kawo komai ba sai numfashi. Minti ɗaya, minti biyu. Gunaguni ya tashi daga baya. Matar da ke gefena ta ce wa ƙawarta motsa baki kawai take yi, ai dama an faɗa. Tsoro ya kama ni sosai, don ni kaina ba zan iya rantsewa karatu take yi ba. Na ga hedimasta ya dubi agogo.

Sai idona ya faɗa kan yaran da ke zaune a ƙasa. Babu mai gunaguni a cikinsu. Duk sun ɗaga kai suna kallon bakinta, yatsunsu na gangarawa a kan shafi a hankali. Can, a lokaci ɗaya, takardu goma sha shida suka juya, tun kafin yatsan Auta ya kamo kusurwar nata shafin. Sauran makarantar babu wanda ya motsa.

Malama ta dubi littafinta, ta dubi yaran. Ta sauko daga dandamali ta tsuguna kusa da wata 'yar aji huɗu, ta bi yatsanta da ido layi biyu, uku. Sannan ta miƙe ta je ta kashe lasifikar, ta juyo ta ɗora yatsa a leɓenta tana kallon iyaye, har filin ya yi shiru.

Ina layi na uku. Na matsa bakin kujera na riƙe numfashina. Da farko kukan wani jariri kawai nake ji daga can baya, sai uwarsa ta lallashe shi. Daga nan na fara jin ta, siririyar murya ƙasa-ƙasa, tana tafiya kalma bayan kalma, tana ɗan tsayawa ta ci gaba. Takardun suka sake juyawa.