Ban San Shi Ba

Da aka fara rushe gidajen unguwar Nakkasa a Makka, Ja'afar ya sauko daga kan dutse da jaka ɗaya, ya nufi unguwar Rusaifa wajen ƙanensa Mukhtaru. Ja'afar ne ya jawo Mukhtaru Makka tun yana saurayi, shi ya haɗa shi da kafili, ubangidan da ya tsaya masa ya sami igama, wato katin izinin zama, har ya zama direban motar ruwa. Ja'afar kuwa da Umra ya shigo ya maƙale, shekara da shekaru yana gyaran takalma a bakin hanya, ba shi da takarda ko guda.

Mukhtaru ya ba shi shayi, ya ba shi abinci, amma ya hana shi ɗaki. Ya ce in aka kama marar takarda a gidansa, shi da matarsa Mujahida da yaransu duk jirgi ɗaya za a zuba su a mayar da su gida. Ja'afar bai ja da shi ba, ya ce ya yi gaskiya, ya saɓa jakarsa ya tafi. Abin da ciwo, amma irin wannan ƙi yana warkewa. Sukan haɗu ran Juma'a su gaisa, har su yi dariya.

Ana tsakiyar zafi aka kira Mukhtaru daga wani asibiti. An tsinci wani mutum ya faɗi a unguwar Tandabawi, ya cika kafin a kawo shi, kuma lambar Mukhtaru ce ta ƙarshe a wayar mamacin. Ya je asibitin. Wani ɗan sanda ya karɓi igamarsa ya riƙe, aka yaye mayafin. Ga tsagar gidansu a kumatu, ga baƙin goshin nan da ya sani tun yana yaro.

"Ta'rifo? Ka san shi?" in ji ɗan sandan.

Mukhtaru bai kalli yayansa ba, katin da ke hannun ɗan sandan ya kalla.

"La wallah, ban san shi ba."

Har da rantsuwa, alhali ba wanda ya nemi ya rantse. Ya ma ƙara da cewa wataƙila wani ne da ya taɓa gyara masa takalmi. Aka miƙa masa katinsa, ya yi godiya, ya fita da ƙafafunsa kamar kowane mutumin kirki.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa wuya. Ya koma Harami yana bin salla, duk lokacin da aka yi kiran sallar gawa sai ya miƙe yana zaton ko har da Ja'afar a cikin waɗanda aka jera. Ya tsani kansa tsana mai tsanani, amma tsanar ba ta kai shi asibiti ba. Sai da Mujahida ta gaji da ganinsa yana zarya, ta ce masa, "Abu Afnan, ɗaki ka hana shi, ya yafe. Wanka da likkafani ma hana shi za ka yi?"

Ya koma asibitin. Ya faɗa wa wani ma'aikaci gaskiya da Larabci, ya maimaita da Hausa don kansa: yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shirya a kama shi, har yana so a kama shi. Ma'aikacin bai ko ɗaga murya ba. Ya ce an jira, ba wanda ya zo, an binne shi a maƙabartar Shara'i tare da waɗanda ba su da kowa. A can kuwa ba a rubuta suna a kabari, duwatsu ne kawai a jere, ba mai iya nuna masa wanne.

Saura Larai, matar Ja'afar da ke Maraɗi. A cikin mota ya kira ta. Ta yi salati, ta yi kuka mai isarta, sannan ta tambayi ranar da ya rasu don ta san lissafin takabarta. Ya faɗa mata. Ta tambaya ko a Harami aka sallace shi, ya ce a Harami, ko da yake bai sani ba.

"To alhamdu lillahi," in ji ta, tana jan hanci. "Kullum fargabata ke nan, kada ya mutu a ƙasar mutane kamar marar gata. Tunda hannunka ne ya wanke shi, kai ka sa shi a kabari, hankalina ya kwanta. Allah ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi masa, Mukhtaru."

Ta jira ya amsa. Ya ce amin.