Kwamfutar Mashud ta San Hanyar Bawku

Yayana Mashud ne ya fara kawo kwamfuta unguwarmu a Salaga, a 1996, sai ka ce shi ya ƙera ta. Wasu masu bincike ne suka ɗauke shi aiki, wai ya koya mata hanyoyin arewa har ta riƙa zaɓar wa matafiyi mafi sauri.

To, ina ya samo ilmin? A bakin mutane. Yana tare direbobi da masu doya yana tambaya, yana zuba wa kwamfutar amsoshinsu.

Na ce, "Yaya, ka taɓa jin wanda ya gaya wa matafiyi hanya ba kyau? Ko gada ta karye, 'lafiya lau' za a ce maka, don kada a karya maka gwiwa."

Ya ce, "Zalia, wannan kimiyya ce."

Na ce Allah ya ƙara basira.

Cikin damina saƙo ya zo daga Bawku, inda mahaifiyarmu Mma take zaune wurin ƙanwarta: jikinta ya yi tsanani, tana kiranmu. Ni jahila na shiga motar Yendi, daga can na hau ta masu albasa. Malam mai kimiyya kuwa ya tsaya neman shawara. Kwamfuta ta ce bayan Yendi ya saki babban titi ya yanke ta daji, ai kowa ya shaida hanyar lafiya lau take. Ya hau babur, har yana tausaya mini.

Na sami Mma da sauran numfashi. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, "Mashud ne?" Ina ce mata yana hanya, raina yana tafasa. A lokacin yana bakin wani rafi da ya cika ya batse, shi da babur suna kallon ruwa.

Ranar da ya iso, da laka har gwiwa, an riga an yi sadakar uku. Ban yi masa gori ba, tausayi ya hana ni.

Ya ce, "Kai ni wurinta."

Na ce, "Mata suna zuwa maƙabarta ne? Ban san wurin ba."

Maza suka raka shi. Ruwan sama ya baje sababbin kaburburan, ba alama ko ɗaya. Wannan ya nuna nan, wancan ya ce a'a, can ne. Mashud ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa gaban kowanne yana cewa, "Mma, na zo."