Gonar da Aka Ɗinka da Keke

Thozama ta ɗinka rigunan amare ba adadi, ta ɗinka kayan matan coci da na 'yan makaranta, har rigar kare wata mata ta taɓa sa ta ɗinka. Amma ba ta taɓa zaton za a wayi gari ta hau keken ɗinki tana ɗinka wa wiwi ɗaki ba. Ita da ta baro ƙauye musamman don ta huta da warinsa!

Zuwan mahaifiyarta ne ya jawo. Bayan rasuwar tsohon, wato mahaifin Thozama, uwar tata MaNyawuza ta kasa zaman kaɗaici a ƙauyensu na tsaunukan Mpondo, ga gwiwa ta ƙi, ga ƙirji yana kuka, sai Thozama ta je ta ɗauko ta zuwa gidanta da ke garin Mdantsane. Kayan tsohuwar ba su taka kara sun karya ba: bargo, tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, da wani ɗan gwangwanin tabar shaƙa da ba ya rabuwa da ƙugunta. Babu taba a ciki. Irin wiwi ne, wanda uwarta ta damƙa mata ranar da za a kai ta gidan miji, kamar yadda ita ma uwar ta karɓa daga tata. Kowace shekara sai ta shuka, ta girbe, ta cika gwangwanin da sabo. Mutanen ƙauyen duk sun koma irin waje mai saurin nuna, nata kaɗai ya rage bai gauraya da komai ba.

Da kuɗin wannan ganyen aka yi wa Thozama makaranta, ta sani sarai, amma ba ta taɓa yafe masa ba. Yara sun sha kiranta 'yar ganye. Ta kuma ga ranar da jirgi mai saukar ungulu ya yi feshi a kwarinsu, ya kashe wiwin ya haɗa da masara da kabewa. Tun tana ƙarama in an nufi gona, ita sai ta ɓuya a bayan littafi.

Yanzu zamani ya juya, an ce mutum na iya shuka nasa a gidansa don amfanin kansa. MaNyawuza ta tona gefen katanga ta zuba rabin irin. Ya fito gwanin sha'awa. Awakin Tsoho Ndzube na gidan baya suka tsallako suka yi kalaci da shi, ɗan abin da suka rage kuma samarin unguwa suka taimaka suka tumɓuke. Daga ranar tsohuwa ta daina cin abincin kirki. Sai ta wuni a kujera, bargo a kafaɗa, tana kallon bango.

"Mama, ko in dama miki kunun masara?"

"Bar shi."

"Gwiwar ce?"

"Wace gwiwa? Thozama, irin nan ya tsufa a gwangwani. In ya ƙara shekara ba zai tsiro ba. A hannuna zai mutu. In na je can, me zan ce wa uwata?"

Wiwin bai dami Thozama ba ko kaɗan, amma ganin uwarta tana narkewa a kujera ya fi ƙarfinta.

Mijin Thozama yana can aikin ma'adinai sai Kirsimeti ake ganinsa, don haka ƙaninsa Mzwakhe ta tunkara. Mzwakhe kanikancin mota yake yi, surutu kuma shi ne sana'arsa ta biyu. Ya ja ta ɗakin bayan garejinsa, ya zuge wani baƙin tanti mai tsawon mutum, haske ya dalle mata ido. Ga tsirran wiwi gajeru masu ƙiba a jere, fanka tana kaɗa su.

"Kin gani, matar yaya? Ba akuya, ba ɓarawo, ba ƙanƙara. Daga Cape Town aka aiko min shi. Sai dai tsadarsa, in na faɗa miki sai kin nemi wurin zama."

Thozama ba ta kula tsirran ba. Ta kama bakin tantin ta juya shi, ta bi ɗinkin da farce, ta ja tsaki.

"Wannan ɗinkin ne ka biya wa kuɗi? Ko ɗan koyo na kama da irinsa sai na sa ya warware."

"To ɗinka naki mu gani, sarauniyar allura."

Ta kuwa ɗinka. Baƙin yadin labule ta ninka biyu, ta yi masa shafi da ledar nan mai ƙyalli da ake kare gilashin mota daga rana, ta ciro zif daga wata tsohuwar jakar tafiya. Mzwakhe ya haɗa ƙarafa, ya rataya fitila da 'yar fanka, yana yi yana mitar ba a biyansa ko da shayi. Aka kafa tantin a ɗakin ɗinki, tsakanin keke da durowar yadi.

MaNyawuza ta zagaya shi sau biyu tana dogara sanda.

"Wato ganyen da ya saba da iskar tsauni za ku kulle a jaka?"

"Mama, gwadawa za mu yi."

"Rana fa?"

"Ga ta nan a sama," in ji Mzwakhe, ya danna makunni.

"Ranar da ake ɗaukewa in hukuma ta ga dama. Allah ya kyauta."

Duk da haka ta juye sauran irin gaba ɗaya, gwangwanin ya koma fanko. Uku ne kawai suka tsiro. Amma ukun nan sun tayar da tsohuwa daga kujera. Da safe kafin ta wanke fuska sai ta zuge tanti ta gaishe su, ta yi musu faɗa, ta ba su labarin ƙauye. Kwanon abincinta ya fara dawowa a sharce. In an ɗauke wuta, a kan Mzwakhe take saukewa, kamar shi ke riƙe da makunnin ƙasar.

Irin tsauni kuwa bai san rufi ba. Na Mzwakhe in sun kai ƙugu sai su tsaya, waɗannan suka miƙe kamar rake har suna neman cinye fitilar. MaNyawuza ta riƙa lanƙwasa su tana ɗaure da ƙyallayen da suka rage daga rigunan amare, har tantin ya zama kamar ana biki a ciki. Thozama tana kan keke tana jin warin yana cika ɗakin, ta lura ba ya tayar mata da zuciya kamar da. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis matan coci suke taro. MaNyawuza ta saka farar hula da jar riga ta fita, karo na farko tun zuwanta. Fitarta ke nan Mzwakhe ya shigo duba fanka. Ya leƙa tantin, sai ya dafe kai.

"Wayyo, matar yaya, an gama da ku! Zo ki gani. Kin ga waɗannan 'yan ƙwallayen a gindin ganye? Wannan na tsakiyar namiji ne."

"Namiji kamar na gwanda?"

"Ya fi na gwanda mugunta. Na gwanda zaman banza kawai yake. Wannan in ya buɗe, ƙurarsa ta taɓa matan, shi ke nan furen ya lalace, duk ya cika da 'ya'ya. Duk mai tanti a duniyar nan, ranar da ya ga namiji ranar yake sare shi. Yi maza kafin ya fashe."

Gaskiya ya faɗa, irin gaskiyar masu tanti, waɗanda fure suke nema, iri kuma su saya a leda. Thozama kuwa, 'yar gonar wiwi da ba ta taɓa tsayawa ta kalli wiwi ba, ta ɗauko babban almakashinta tana jin daɗin za ta ceci shukar uwarta. Ta datse shi daga gindi, ta kakkarya, ta cusa a baƙar ledar shara, ta kai bakin ƙofa.

MaNyawuza ta dawo tana 'yar waƙar coci a hanci. Ta zuge tanti. Waƙar ta tsaya.

"Ina na tsakiyar?"

"Namiji ne, Mama. Mzwakhe ya gane shi da wuri, na cire shi kafin ya ɓata miki sauran da 'ya'ya."

Tsohuwa ta juyo a hankali. Da ta yi ihu ma da ya fi sauƙi.

"Da 'ya'ya," ta maimaita. "Thozama, me muke nema a jakar nan tun farko?"

Ta kwance gwangwanin daga ƙugunta, ta buɗe, ta ajiye shi fanko a kan keken ɗinki, ta wuce ɗakinta. Sai a lokacin abin ya faɗo wa Thozama. Iri ake nema, kuma in ba namiji ba iri. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda.

Ta fita da gudu ba takalmi. A bakin ƙofa ta tarar ledar a yage, awakin Tsoho Ndzube sun kewaye ta suna hidima. Wani bunsuru mai gemu yana riƙe da reshe na ƙarshe a baki. Thozama, mace mai mutunci da ake kira a ɗinka wa matar fasto kaya, ta yi tsalle ta cafki reshen. Bunsuru ya ja, ta ja.

"Saki, ɗan banza! Saki na ce!"

Tsoho Ndzube ya leƙo ta saman katanga. "Lafiya, 'yata? Abinci ya ƙare a gidan ne har kike ƙwace na awaki?"

"Tsoho, in ba ka ɗaure su ba, na rantse ranar Lahadi da su za mu yi miya!"

Abin da ta ƙwato bai fi tsawon tafin hannu ba, duk yawun akuya, amma da 'yan ƙwallayensa a jiki. Ta wanke shi, ta tsoma a kwalbar ruwa, ta ajiye a kan baƙin ƙyalle a bakin taga. Ta kira Mzwakhe ta wanke shi tas shi ma. Ya zo yana sosa ƙeya.

"Ni ina na san iri ake so? Wa ke neman iri a tanti?" Ya duƙa ya ƙura wa reshen ido. "Amma bari, ƙwallayen sun ƙosa. In bai bushe ba zai iya buɗewa a ruwan. Na taɓa jin an yi."

"In bai buɗe ba fa?"

"To, sai in gudu birnin Durban da zama."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. MaNyawuza ta koma kujera da bargonta, ba ta ko kallon ƙofar ɗakin ɗinki. Thozama tana canza ruwan kwalba, ganyen reshen yana ta langaɓewa yana zubewa. Ta ɓata wuyan rigar wata amarya sau biyu saboda idonta yana kan taga.

Wata safiya ta zo ɗaukar almakashi, sai ta ga baƙin ƙyallen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, kamar an barbaɗa garin masara.

"Mama! Mama, zo!"

Tsohuwa ta zo tana jan ƙafa. Ta daɗe tana kallon ƙyallen.

"Ya buɗe," ta ce. Sai kuma fuskarta ta sake faɗuwa. "Amma ɗan wannan? A gona iska ke kwasa ta kai, ni ban taɓa sa hannu ba. Wannan in iska ta taɓa shi ai ya tafi."

Thozama ta kashe fanka. Ta jawo aljihun keke ta ɗauko ɗan burushin da take share bakin allura da shi, ta goge shi a rigarta. Hannun uwar ya tsufa, nata kuwa hannu ne da ya saba zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Ta durƙusa a bakin tantin.

"Nuna min inda zan sa."

"Kin ga fararen gashin nan? Nan. A hankali, ba fenti kike yi ba. Sai wancan na ƙasa."

Haka suka bi furen ɗaya bayan ɗaya, uwa tana nunawa da sanda, 'ya tana shafawa. Mzwakhe ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

"Ni dai don Allah kada wadda ta zo garejina da kayan nan na jikinta. Ƙwayar ƙurar nan ɗaya ta shiga tantina, na shiga uku."

"Tafi can, mai gonar da ba ta haihuwa," in ji MaNyawuza. Rabon da a ji dariyarta tun kafin rasuwar tsohon.

Irin tsauni ba ya gaggawa. Sai da sanyi ya shigo, Thozama ta gama kayan bikin mutum biyu, sannan furen ya yi nauyi ya fara canza launi. Ran nan da hantsi MaNyawuza ta zauna a bakin tanti, ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ta tsinko fure ɗaya ta murza a tafin hannu. 'Ya'ya suka zubo, masu tauri, masu zane-zane kamar ƙwan zabuwa. Ta ɗauki ɗaya ta danna da haƙori, ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da murzawa har gindin gwangwanin ya rufe, ta girgiza shi a kunne ta ji ƙarar da ta saba ji tun tana amarya.

Thozama ta zaci a ƙugu za ta mayar da shi. Sai ta ga an miƙo mata.

"Riƙe. Ranar aurenki ya kamata in ba ki, na san a kwata za ki zubar, shi ya sa na yi shiru."

Idon Thozama ya cika. "Mama, ni da na kusa kashe shi? Kuma ni ina na ga gona?"

MaNyawuza ta buga ƙarfen tantin da sandarta.

"Wannan fa da kika ɗinka? Karɓi, hannuna ya gaji. Kuma ki ƙara masa tsawo kafin baɗi, 'ya'yan nan ba sa son sunkuyo."

Thozama ta karɓa. Ta rasa inda za ta sa shi, don siket ɗinta ba aljihu, sai ta yanko ƙyalle daga durowa ta ɗaure shi a ƙugu.